Ba Kullum Ne Laifin Netwok Ba

Jiya na raka ƙanwata wani ofis karɓar takarda. Awa biyu muna zaune, wai babu netwok. Da na leƙa allon ma'aikacin sai na gane matsalar: Microsoft Access suke amfani da shi, fayil ɗaya tal a kwamfutar oga, kowa na buɗe shi ta wayales a lokaci guda.

Jama'a, wannan fa ba ruwansa da intanet. Shi Access, kwamfutar mai neman bayani ce ke yin binciken, don haka sai ta jawo bayanan zuwa wurinta. In ba a sa indes a gurbin suna ko lamba ba, sai ta bi teburin kaf kafin ta samo mutum ɗaya. Wayales kuma in ya yanke ana tsakiyar rubutu, fayil ɗin na iya lalacewa, wanda ya fi jinkirin muni.

Gyaran wallahi bai kai kuɗin man janareto na wata ba. A raba fayil ɗin biyu: teburan bayanai su zauna a saba, kowane ma'aikaci ya riƙe kwafin fom a tasa kwamfutar. A ja kebul. A riƙa matse fayil ɗin lokaci-lokaci, tunda iyakarsa gigabait 2 ne. In aiki ya yi yawa, ga SQL Server Express nan kyauta.

Amma ina! An ce oga ya rubuta a sayo sabbin kwamfutoci. Mu dai an ce mu dawo Litinin.