Kafin ka ƙaro 'yan kifi, sayi abin gwada ruwa

Jiya wani ɗan'uwa ya turo min hoton 'yar kwalbar gwajin amoniya. Ruwan ciki ya yi kore, ya kara ta da katin launi yana tambaya ko lafiya. Da na ƙura ido sai na ga katin ruwan teku ya ɗauko. Kwalin nasa kati biyu ne a ciki, ɗaya na ruwan gishiri, ɗaya na ruwan daɗi, shi kuwa tarwaɗa yake kiwo a tankin tampol da ruwan bohol.

Ban yi masa dariya ba, don ko banza ya auna. Ni shekarar da na fara ban auna ba. Da digirina a hannu, na lissafa kuɗin 'yan kifi da na abinci da ribar wata shida, ruwa kuwa da ido nake duba shi. Lokacin zafi kifin suka rage ci, na ce abincin ne, na canza buhu. Suka fara tsaye-tsaye a saman ruwa, na sayo magani. Sai da na yi mako ina kwashe matattu da asuba kafin wani dattijo ya aro min kayan gwaji. Kuɗin maganin da na zuba ya fi kuɗin kayan gwajin.

Amoniya ba baƙuwarku ba ce, masu kaji. Ita ce warin nan mai sa hawaye idan buntun ɗaki ya jiƙe. Kifi ma yana fitar da ita, galibi ta jan naman ƙarƙashin kunnensa da yake numfashi da shi, ragowar abinci kuma ta ruɓe ta ƙara. A ƙiyasin masana, kilo 1 na abincin kifi kan bar wajen giram 30 a ruwa. Kilo 1 a tanki mai lita 1,000, ka ga miligiram 30 ke nan a kowace lita idan ba a canza ruwa ba.

Ga inda mutane ke shan kaye. A cikin ruwa kashi biyu take zama: amoniyam, wadda ba ta cika cutarwa ba, da amoniya zalla, wadda guba ce. Yawancin kayan gwaji jimillarsu suke ba ka. Abin da ke raba su shi ne pH da zafin ruwa. A zafin digiri 30, idan pH 7 ne, gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A 8 ta kai wajen kashi 7. A 9 ta haura kashi 40. Wato kai da maƙwabcinka kuna iya karanta 2 a kati, naka su kwana lafiya, nasa su wayi gari ciki sama. Galibi daga miligiram 0.05 na gubar a lita ake fara damuwa. Tarwaɗa tana da juriya, gaskiya ne, amma juriyar nan ce ke yaudararmu: ba ta mutu ba, ba ta kuma girma ba, abinci yana ta tafiya.

Sai batun teku. Ruwan teku pH ɗinsa wajen 8.1 ne tun asali, don haka masu kiwon jatan lande a gaɓar teku tun farko a bakin rami suke zaune, awo bai zama zaɓi a wurinsu ba. Kuma ma'adanan ruwan suna taɓa gwajin kansa. Tsohon sinadarin nan Nessler, mai ba da launin ɗorawa zuwa ruwan ƙasa, yakan yi gurɓi a ruwan teku saboda magnesiyam da kalsiyam, sai launi ya ƙi karantuwa. Shi ya sa aka fi amfani da mai komawa kore, shi ma da katinsa daban. Idan bohol ɗinka mai nauyin ruwa ne, wanda sabulu ba ya kumfa da kyau, kai ma mai koren ya fi maka.

Na san za a ce tsada. Za a ce wane ya shekara goma yana kiwo bai taɓa gwaji ba. To, wane yana da ruwan da yake sakewa kullum, kuma ya biya kuɗin makarantarsa da matattun kifi tun kana firamare. Kai da ka ranto jari ba ka da wannan sararin.

Sayi na amoniya da na pH tare, ɗaya ba ya aiki sai da ɗan'uwansa. Idan ruwanka kore ne, auna da la'asar, lokacin pH ya fi hawa. Jira mintunan da aka rubuta a kwali, ka duba launi a hasken rana, ka rubuta a littafi. In ya hau, tsayar da abinci, ka canza wani ɓangare na ruwan. Kada ka zuba farar ƙasa a ranar, pH za ta ɗaga, gubar ta ninku. Gishiri kuma ba ya cire amoniya. Mai zuba kashin kaji a kududdufi, kai ya kamata ka fi kowa yawan awo.

Shi ɗan'uwan nan na ce ya sake gwadawa da katin ruwan daɗi, ya haɗo min da pH da ƙarfe huɗu. Ina jiran hoton.