HOTON DA BA A IYA GANOWA BA SHAIDA BA NE

A yau da wuya a yi wani aikin gina ƙasa a karkara ba tare da an ɗauki hotonsa ba. A gundumar Sarkin Yamma, cikin yankin Madarunfa na jahar Maraɗi, in an haƙa rijiya, ko an gina ajin lakwal, ko Gulbin Maraɗi ya cika ya ci garake, sai ma'aikaci ya fito da wayarsa. Amma ɗauka daban, adanawa daban. A ofisoshi da yawa na ƙasa, ranar da aka nemi hoton aikin da aka yi shekara biyar baya, sai a shiga lalube: wani yana cikin wayar ma'aikacin da aka canza ma wurin aiki, wani ya nutse cikin kwamfuta tsakanin dubban hotuna marasa suna.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce, kuma labarin itatuwan Nijar ya isa misali. Bayan babban taron yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi cikin watan Mayu na 1984, manoma suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon itace cikin gonaki. Shekaru suka wuce ba a san girman wannan aiki ba, har wani masani ɗan Amurka, Gray Tappan, ya gwama hotunan da jirgin sama ya ɗauka a 1975 da na tauraron ɗan Adam na bayan shekara ta 2000. Binciken ya nuna itatuwa sun dawo a kan hekta kimanin miliyan 5 a kudancin ƙasa. Da tsofaffin hotunan nan ba su da shekara da sunan wuri, da gumin manoma ya rasa shaida.

Saboda haka wajibi ne kowace gunduma ta tsara hotunanta. Kwamfuta tana ajiye su cikin dosiye, kuma ana iya sa dosiye cikin dosiye, kamar yadda mace take jera ƙore, ƙarama cikin babba. Babban dosiye ya ɗauki sunan gunduma. Cikinsa a jera shekaru. Cikin kowace shekara a jera ƙauyuka. Cikin kowane ƙauye a raba ayyuka: ruwa, lafiya, ilimi, noma.

Wasu ma'aikata suna kukan cewa wannan tsari wahala ne, don sai an buɗe dosiye ashirin kafin a ga aikin shekara guda. Kukan yana da tushe, amma yana da magani. Akwai manhajojin tsara hotuna, irin su digiKam wadda ake samu kyauta, da suke iya baje duk abin da ke cikin ƙananan dosiye a fuska guda. In aka taɓa shekarar 2022, sai hotunan dukan ƙauyuka su bayyana kamar hatsi a kan tabarma. In kuma an liƙa ma hotuna alamar “rijiya”, sai rijiyoyin kowace shekara su taru wuri ɗaya ba tare da an gusar da ko ɗaya daga mazauninsa ba.

Duk da haka, kada a jingina da manhaja kaɗai. Kamfanin Google ya daina kula da tasa, mai suna Picasa, a 2016. Manhaja tana wucewa, amma dosiye mai kyakkyawan suna kowace kwamfuta tana karanta shi. Haka kuma waya tana rubuta ranar ɗauka cikin hoton kansa, amma wannan bayani yana gogewa in an tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto. Ya fi kyau a kwafe shi kai tsaye daga waya, a sa masa suna da ya fara da shekara, wata da rana. A ajiye kwafi biyu, ɗaya a wani gini dabam, don ƙura da zafi da ɗaukewar lantarki ba su san darajar aiki ba.

A nan ne waɗanda suka sauke karatun manya suke da babban rabo. Su ne suka san sunan kowace fadama da kowace unguwa, kuma sun iya rubuta shi da Hausa daidai. In aka haɗa su da sakataren gunduma, suka riƙe littafi mai nuna rana da wuri da irin aiki, kowane hoto zai samu asali.

Shugabanni suna zuwa suna wucewa, amma gunduma tana nan. Manomi ba ya zuba gero da dawa da wake rumbu guda ya ce ya yi ajiya. Ya kamata hukumomi su ɗauki hotunan ayyuka a matsayin dukiyar jama'a, su ba wani ma'aikaci amanarsu, su kuma sa su cikin abin da ake miƙawa ranar canjin aiki.