Kafin Yaro Ya Kwaikwayi Abin Da Ya Gani A Fim

Duk wanda ya ratsa kasuwar Yelwan Yauri ko ta Wara da yamma ya san rumfunan masu cajin waya. A nan ake tura fina-finai. Yaro zai miƙa memori da 'yan canjinsa, a cika masa da Indiya-Hausa, da shirye-shiryen Kano masu dogon zango, da na Turkiyya da Koriya. Ya koma gida, wataƙila wani ƙauyen bakin ruwa a Shanga inda ba wuta sai sola, ya kwanta ya toshe kunnuwansa. A da talabijin a tsakar gida take, uba na gani, uwa na tsawatarwa. Yanzu tana aljihun ɗan shekara 14, kuma ba wanda ya san abin da ya kalla daren jiya.

Cikin abin da suke kallo akwai wani fage da ke yawan dawowa. An raba yarinya da wanda take so, ko an ci mutuncin saurayi a bainar jama'a, sai ya hallaka kansa. Daga nan a saki kiɗa mai taushi, kyamara ta daɗe a kan fuska, uban da ya yi taurin kai ya durƙusa yana kuka, gari ya taru ana da-na-sani. Abin da yaro ya ɗauka daga wannan fage shi ne, wanda ba a saurara ba yana raye, za a saurare shi in ya mutu. Ƙarya ce. Mamaci ba ya ganin hawayen kowa, kuma uwar da aka bari ba ta gama kuka a ƙarshen shiri kamar yadda 'yar wasa take gamawa.

Wani zai ce ai fim fim ne, kowa ya san wasa ake yi. To, ga abin da ya faru a ƙasashen da ke ƙidaya matattunsu. A 1981 wani gidan talabijin a Jamus ya nuna shiri mai kashi shida kan wani ɗalibi da ya kashe kansa, kuma kowane kashi yana maimaita fagen mutuwar. Niyyarsu wa'azi ce. Amma masu bincike biyu, Schmidtke da Häfner, sun gano cewa a cikin kwana 70 na nuna shirin da bayansa, samari 'yan shekara 15 zuwa 19 da suka mutu ta irin hanyar da aka nuna sun ƙaru da kashi 175 cikin ɗari. Da aka sake nuna shirin a 1982, adadin ya sake tashi.

A ranar 31 ga Maris 2017 kamfanin Netflix ya saki shirin 13 Reasons Why, labarin wata ɗaliba da ta bar saƙonni tana ɗora alhakin mutuwarta a kan waɗanda suka cuce ta. Wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna cewa a watan Afrilun 2017 kashe kai tsakanin 'yan shekara 10 zuwa 17 a Amurka ya ƙaru da kashi 28.9 cikin ɗari. Masana sun yi muhawara kan ko nawa ne daga wannan ƙari za a jingina wa shirin, amma kamfanin da kansa ya cire fagen mutuwar a Yulin 2019. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba ina cewa duk yaron da ya kalli irin wannan zai bi sahu ba. Mafi yawansu za su kalla su yi barci. Wanda ke cikin haɗari shi ne wanda dama yake ɗauke da ciwo a zuci, ya kuma ga kansa a jikin wanda ke allo: shekarunsu ɗaya, damuwarsu ɗaya. Fim ashana ce, ba ta cin komai sai ta sami busasshiyar ciyawa. Tambayar da ta dame ni ita ce, yaranmu nawa ne suka bushe ba mu sani ba?

Mu tuna shekarar 2021 kaɗai. Ranar 26 ga Mayu jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya kife a hanyarsa ta zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, kaɗan ne suka tsira. Ba a cika wata ɗaya ba, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai, wasu 'yan matan sai a 2023 suka dawo. Yaran da suka ga an jera gawarwaki a bakin ruwa, da waɗanda suka kwana a daji suna gudu, da ƙannen waɗanda aka ɗauke, yanzu samari ne da 'yan mata. An yi musu jaje, an ce su yi haƙuri. Su nawa ne aka zauna da su aka tambaye su yadda suke barci?

Mu kuma mun iya rufe bakin yaro. Yarinya ta ce, "Ni kam na gaji da duniyar nan, gara in mutu in huta," sai a ce, "Rabu da ita, iskanci ne," ko "Neman suna take yi," ko a ce aljanu ne a tafi neman hayaƙi. Wani ya kashe maganar da cewa ai Musulmi ba ya kashe kansa. Gaskiya ne addini ya haramta, haramci mai tsanani. Amma addinin nan da ya hana ɗebe ƙauna daga rahamar Allah, shi ne ya umurce mu da neman magani da duba marar lafiya. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana kama mai salla da mai azumi, kuma yana da magani.

Doka ma ta taimaka wajen ɓoyon. Sashe na 231 na kundin Penal Code da jihohin Arewa suka gada ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Wane uba ne zai kai ɗansa asibiti ya faɗi gaskiya alhali yana tsoron 'yan sanda? Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023. A shekarar ce Najeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, amma daga ƙauyukan bakin tafkin Kainji zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato tafiya ce mai nisa da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da 720,000 ke kashe kansu duk shekara, kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu, kuma shi ne na uku a jerin abubuwan da ke kashe 'yan shekara 15 zuwa 29.

Abin farin ciki shi ne, allon da ke cutarwa yana iya ceto. A 1987, da wani salon kashe kai ya yi yawa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, likitoci suka shawo kan 'yan jarida su daina kwarmata shi da bayyana yadda aka yi. Cikin watanni adadin ya faɗi da fiye da rabi. A 2010 masu bincike a wannan birni suka nuna cewa labarin wanda ya shiga ƙunci, ya nemi taimako, ya fita, yana tafiya da raguwar mutuwa. Ke nan ba shiru ake so a yi ba. Yadda ake ba da labarin ne ke kashewa ko rayawa.

Saboda haka ina kira ga marubuta da daraktocin Kannywood, da tashoshi irin su Arewa24, da masu fassara fina-finan Indiya: ku taɓo wannan matsala, amma kada ku nuna yadda ake yi, kada ku sa mata kiɗan soyayya, kada ku mai da mutuwa ramuwar gayya. Ku nuna mana yarinyar da ta gaya wa gwaggonta, gwaggon ta kai ta asibiti, ta warke ta ci gaba da karatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ga masu shirya fim tun 2019. Hukumar tace fina-finai ta Kano da hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, da suke sa ido kan sutura da rawa, su sa wannan ma a ma'auninsu.

Mu iyaye, ƙwace waya ba zai yi ba, yaro zai kalla a ta abokinsa. A zauna a kalla tare, a tambaye shi, "Kai kana ganin wannan yaron ba shi da wata mafita?" In yaro ya daina cin abinci, ya daina fita, ya fara rabar da kayansa ko maganar mutuwa, a tambaye shi kai tsaye cikin taushi, "Kana tunanin cutar da kanka ne?" Bincike ya tabbatar tambayar ba ta dasa tunanin, sauƙi take kawowa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, kada a yi masa faɗa, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, mu manoman albasa da shinkafa. Kusan kowane gida akwai maganin feshi a zaure ko ƙarƙashin gado. Ƙuncin da ke ingiza matashi sau da yawa na ɗan lokaci ne, in abin cutarwa ba ya kusa sai ya wuce. Ƙasar Siri Lanka ta hana magungunan ƙwari mafi guba, kashe kai ya ragu da rabi tsakanin 1995 da 2005. Kowane magidanci ya sa wa nasa kwaɗo, ya riƙe makullin.

Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, malami ne da ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya san halin matasa. Ina roƙon masarauta ta tara limamai, shugabannin makarantu da ma'aikatan lafiya na Yauri, Ngaski da Shanga kafin 10 ga Satumba, ranar yaƙi da kashe kai ta duniya, a koya musu alamomin nan, a kuma ware huɗuba guda a kansu. Kai kuma ɗana, ke kuma 'yata, in kuna karanta wannan zuciyarku a cunkushe, ku gaya wa wani babba da kuka yarda da shi yau. In bai saurara ba, ku gaya wa wani. Wannan ciwo ana warkewa daga gare shi.