Ni Da Tantan Ɗin Babanmu

Wai shin tuƙa tantan aikin maza ne kaɗai?

Ina 'yar shekara 13 Baba ya ɗora ni kan jar Massey Ferguson ɗinsa a gonarmu ta Kadawa, inda muke noman alkama da ruwan dam ɗin Tiga. Ya ce, "Uwata, taka kulochi, sa giya ta ɗaya, ki sake shi a hankali." Gabana sai dukan uku-uku yake! Ya nuna min birki biyu, kowanne da tayarsa ta baya. In za a hau titi dole a haɗe su, kar ta wuntsila.

Goggo ta yi ta faɗa, wai ba mai auren mace mai warin dizal. Amma shekarar da ciwo ya kwantar da Baba, ni na yi wa gonar haro, ba mu ci bashin kowa ba.

Don haka 'yan mata, duk sana'ar gidanku ku koya. Sai dai kar ku ɗauki ƙannenku a kai, kujerar ta mutum ɗaya ce. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.