Malam, Ka Tsallake Maigida

Wani marubuci ya ce aikin albashi ne ke rusa gidaje: mace ta tafi ofis, girki da tarbiyya su lalace, don haka ta zauna a ɗakinta.

Tarbiyya abin damuwa ce, ban musa ba. Amma yaushe matar Bahaushe ta taɓa naɗe hannu? Mai ƙosai, mai fura, mai kitso, duk nema suke, kuma da ribarsu ake haɗa wa 'ya'ya kayan ɗaki. Su ma sun rusa gidajensu?

Malam marubuci, ka ce mace ta zauna. To, ranar da naƙuda ta kama matarka, wa kake so ya karɓi haihuwar a asibiti? Ungozomar nan ma matar wani ce, ta bar yara a gida.

Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun 2024. Shi kaɗai zai riƙe gida bayan cire tallafin mai?

Wanda ka tsallake shi ne maigida. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi (SAW) yana taya iyalinsa hidimar gida. Ku dawo daga aiki tare, ita ta faɗa kicin, kai ka kishingiɗa da waya. Me ya hana ka duba wa yara aikin makaranta, ko ka ɗebo ruwa?