Man Agadem: nawa ake ɗebowa, nawa ake bari a ƙasa?

Tun da bututun mai ya ratsa jahar Doso ya ƙetare kogin Isa ta wajen Gaya, zancen da ake ji a kasuwa da ofis ɗaya ne: ganga nawa ke wucewa a rana. Bututun nan mai tsawon kusan kilomita 2000 ya taso daga Agadem zuwa Seme a ƙasar Benin, an gina shi don ɗaukar ganga 90.000 kullum, jirgin ruwa na farko kuma ya yi lodi a watan Mayu na 1924 da ɗari, wato 2024. Amma akwai tambayar da ta fi wannan nauyi.

Da yawa suna zaton man fetur tabki ne kwance a ƙarƙashin ƙasa. Ba haka ba ne. Yana maƙale ne cikin ƴan ƙofofin dutsen yashi, waɗanda ido ba ya gani. Mutanen Bengu da sauran masu dafa gishiri a Dallol Foga za su riga ma'aikacin birni gane wannan. Sukan kankaro ƙasa mai gishiri, su zuba mata ruwa, ruwan ya tsatsafa a hankali ya fito da gishirin. In ruwan ya samu kafa guda ya zurare ta nan, sauran ƙasar sai ta riƙe gishirinta. Wani injiniya Bafaranshe, Henry Darcy, ya auna irin wannan tafiyar ruwa cikin yashi tun 1856, kuma da lissafinsa masu haƙar mai ke aiki har yau.

Sabuwar rijiya da ƙarfinta take tunkuɗo mai. In aka zuƙe ta da gaggawa, ƙarfin ya faɗi, ko ruwan ƙasa ya riga man isa bakin rijiya. Shi ya sa ake haƙa wasu rijiyoyi a gefe, a tura ruwa ya koro man. Duk da haka, a yawancin filayen duniya kusan kashi ɗaya cikin uku kawai ake samu, sauran ya zauna cikin dutse.

Ana iya wuce haka. A filin Daqing na ƙasar Sin, tun 1996 ake kaurara ruwan turawa da wani sinadari mai yauƙi don kada ya zurare ta kafa guda, kuma abin da ake ɗebowa ya ƙaru ƙwarai. Kamfanin CNPC mai aiki a can shi ne ke haƙar Agadem tun kafin a buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a 2011.

A ganina, ya wajaba ministan man fetur da SONIDEP su riƙa bayyana wa ƴan ƙasa kowace shekara kashi nawa cikin ɗari ake sa ran ɗebowa daga kowane fili, da inda ake samun ruwan turawa, don Agadem hamada ce, makiyaya kuma da rijiyoyinsu suke rayuwa. Masu duba wannan lissafi kuwa su zama injiniyoyinmu ƴan Nijar, waɗanda gwamnati ke biya, ba kamfani ba.