Lanƙwasar da ke ɓacewa a allunan Bauchi

Duk wanda ya hau keke daga Wunti ya nufi Yelwa zai ga yadda allunan talla suka koma kusan salo ɗaya: haruffa masu kauri, marasa ado a gefe, sun ɗan kishingiɗa dama kamar suna sauri. Masu shagon waya, makarantun kuɗi, masu sayar da atamfa, har fostocin siyasa, kowa ya rungumi wannan salo. Kuma suna da hujja. Mai wucewa a guje ba shi da lokacin tsayawa, kalma uku masu kauri yake iya kamawa, karkatar kuma tana fizgo ido.

Matsalar tana wajen zaɓen salo. Yaron da ke gaban kwamfuta a shagon buga bana yakan buɗe CorelDraw, ya gangara jerin salon haruffa, ya tsaya kan wanda ya burge mai aiki. Ba kasafai ake tambaya ko salon ya san Hausa ba. Helvetica, uwar irin waɗannan haruffa, an zana ta a Suwizalan a 1957 domin harsunan Turai, kuma da yawa daga masu kwaikwayonta ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Idan aka buga su, ko dai akwatin banza ya fito, ko kwamfuta ta aro siririn harafi miƙaƙƙe ta dasa a tsakiyar kalma mai kauri, kamar haƙorin Makka a bakin yaro. Sai mai bugawar ya gaji, ya cire lanƙwasar gaba ɗaya.

A nan ma'ana ke lalacewa. Banar ɗaurin aure da ya kamata ta yi maraba da manyan baƙi sai ta koma "manyan baki". Ƙafa ta zama kafa. Abin ya fi ciwo a garin da kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, inda jami'a ke ɗauke da sunansa, amma da wuya a ga sunan da Ɓ ɗinsa a allo.

Waɗannan haruffa ba baƙi ba ne, tun shekarun 1930 suke cikin rubutun boko. Kuma yau ba sai an kashe ko sisi ba: Noto Sans na kamfanin Google kyauta ne, yana da mai kauri mai kishingiɗa, da lanƙwasa cikakkiya.

Ko an sami salon da ke da su, akwai sauran aiki, domin kauri yakan cinye ƙugiyar ƙ idan harafin ya yi ƙanƙanta. Kafin mai shago ya biya kuɗin bana, ya sa a buga masa "ɓaure, ɗaki, ƙofa" a takarda, ya liƙa a bango, ya ja baya taku ashirin. Idan bai bambance ƙ da k daga nan ba, ya nemi a canza masa salo.